Mama Ta Ce a Ɗakinta Za Ta Zauna: Yadda Ake Gane Ingancin Masu Zuwa Kula da Tsoho a Gida

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Birmingham: "Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 76, ta daɗe a nan Ingila tun lokacin da mahaifinmu ya zo aiki. Wata biyar ke nan da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Hannu da ƙafar hagu sun yi rauni, amma tana magana kuma hankalinta ƙalau. Ta ce ba za ta dawo gidana ba, ba kuma za ta je gidan tsofaffi ba, a ɗakinta take so ta zauna. Kansul, wato ƙaramar hukumarmu, ta haɗa mu da wani kamfani, ma'aikatansa suna zuwa sau uku a rana. A intanet an ba su maki mai kyau, amma kullum sabuwar fuska muke gani, wani lokaci minti goma sha biyar sun fita, ga shi ina ganin Mama sai ƙara zama take yi a kujera. Yaya zan gane ko kulawar nan tana da inganci? In canza kamfani ne, ko in ajiye aiki in kula da ita da kaina?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri. Na daɗe a wannan aiki a nan Ingila, na yi shi gida-gida da hannuna kafin in koma tsara jadawalin ma'aikata da duba aikinsu. Abu uku kika kawo ƙorafi a kansu: sauya fuska, gajeren lokaci, da zaman kujera. Na ukun shi ne ya fi tayar mini da hankali, kuma biyun farko su ne yawanci suke haifar da shi. Abin da kike tambaya a taƙaice shi ne, ko waɗannan mutane suna taimaka wa Mama ta ci gaba da riƙe rayuwarta ne, ko kuwa suna karɓe ta daga hannunta kaɗan-kaɗan ba tare da kowa ya lura ba.

Makin da kika gani a intanet

Hukumar da ke ba da wannan maki ita ce CQC, wadda ta fara aiki a 2009. Duk kamfanin da yake taimaka wa mutum da abin da ya shafi jikinsa a Ingila, wato wanka, sa tufafi, shiga banɗaki da makamantansu, dole ya yi rajista da ita. Idan masu dubawa suka je, abu biyar suke tambaya: ko mutane suna cikin aminci, ko kulawar tana haifar da amfani, ko ana yi da tausayi da mutuntawa, ko ana biyan buƙatar kowa yadda take, da ko shugabancin kamfanin yana da kyau. Sai su ba da ɗaya daga maki huɗu: fitacce, mai kyau, yana buƙatar gyara, ko bai isa ba.

Makin yana da amfani, amma ki dubi kwanan watan da ke jikinsa. A 2024 gwamnati ta sa Dakta Penny Dash ta binciki hukumar kanta, ta kuma gano cewa makin wurare da yawa ya tsufa da shekaru, kuma kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar take da ikon dubawa ba a taɓa ba su maki ba. Kamfani kuwa yana iya sauyawa cikin wata shida in manaja ta tafi. Don haka ki buɗe rahoton gaba ɗaya ki karanta, musamman sashen aminci da na shugabanci, ki ga abin da aka ce game da latti, ziyarar da ba a zo ba, da magani. Sannan ki tuna cewa masu dubawa ba sa shiga kowane gida. Takardu suke gani a ofis, su yi magana da wasu daga cikin mutane. Abin da yake faruwa a ɗakin Mama ƙarfe bakwai na safe, ke ce kaɗai za ki iya saninsa.

Abin da ya kawo gaggawa da sabbin fuskoki

Kafin ki yi fushi da yarinyar da ta fita bayan minti goma sha biyar, ki san yadda ranarta take. Yawancin kansul-kansul suna sayen wannan aiki ne da awa, kuma da yawansu suna biyan ƙasa da abin da aikin yake ci. Ƙungiyar kamfanonin kula a gida ta ƙiyasta cewa mafi ƙarancin kuɗin da ya kamata a biya a Ingila a shekarar 2025 zuwa 2026 ya haura fam 32 a awa, in ana so a biya ma'aikaci haƙƙinsa, a horar da shi, a kuma tafiyar da ofis. Idan kuɗin bai kai ba, sai kamfani ya matse jadawali. Za ki ga an rubuta wa ma'aikaciya ta gama da wani gida ƙarfe takwas, ta kuma fara da wani ƙarfe takwas ɗin, alhali akwai tafiyar bas tsakaninsu. Ina za ta samo wannan lokaci? Daga cikin rabin awar Mama za ta yanke shi. Doka ta ce lokacin tafiya tsakanin gida da gida yana cikin lokacin aiki wajen lissafin mafi ƙarancin albashi, amma ba kowane kamfani yake bin hakan da gaskiya ba. Ga shi da yawa daga ma'aikatan ba su da tabbacin awa nawa za su samu a mako. Shi ya sa kusan ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan wannan fanni suke barin wurin aikinsu a shekara. Da yawansu ma 'yan'uwanmu ne daga Najeriya da Ghana da Zimbabwe da suka shigo bayan an buɗe bizar aikin kula a 2022.

Wannan bayani ne, ba uzuri ba ne. Hukumar NICE, wadda take tsara ƙa'idojin aikin lafiya da kulawa, ta fitar da jagora kan kula a gida tun 2015. Ta ce ziyara kada ta gaza rabin awa, sai dai idan mutumin ya san ma'aikacin, kuma gajeren zuwan wani ɓangare ne na babban tsari, kamar leƙawa a ga lafiya ko yin wani ƙaramin aiki guda. Ta kuma ce a yi ƙoƙari mutane su riƙa ganin ma'aikatan da suka saba da su. To wanka da shiri da karin kumallo da magani ga mace mai raunin ɓarin jiki ba aikin minti goma sha biyar ba ne ko kaɗan. Ki dubi takardar tsarin kulawar Mama ki ga minti nawa kansul ta amince da shi a kowace ziyara. Yawancin kamfanoni yanzu ma'aikaci yana danna waya in ya shiga da in zai fita. Ki nemi wannan lissafi na wata guda, da amincewar Mama. Idan ana biyan rabin awa ana samun kwata, hujja ta zo hannunki a rubuce.

Zaman kujera

Nan ne zan daɗe. Mai gaggawa ba ya koyarwa, yi yake yi ya wuce. Ma'aikaciyar da take da minti goma sha biyar za ta ɗauko soso ta cuɗa Mama, ta zura mata riga, ta ɗaura mata ɗankwali, ta kawo shayi ta ajiye a gefen kujera. A takarda komai ya yi daidai. Amma a wannan safiya Mama ba ta miƙe da kanta ba, ba ta taka zuwa kicin ba, hannun hagu bai taɓa komai ba. A yi haka wata uku, sai ƙafar da take iya taku goma ta koma taku uku. Jikin tsoho yana saurin rasa ƙarfi in ya zauna, kuma bayan shanyewar jiki ƙwaƙwalwa tana sake koyon motsi ne ta hanyar maimaitawa. Abin da ba a maimaita ba, tafiya yake yi.

Ma'aikaciya ƙwararriya daban take aiki. Na ga wata tana taimaka wa wata dattijuwa da alwala, kuma abin da ta yi bai wuce shirya wuri ba. Ta sa doguwar kujera a gaban kwamin wanke hannu, ta shimfiɗa tabarmar roba da ba ta santsi, ta zuba ruwan ɗumi rabin ƙaramar buta don kada ta yi nauyi, sannan ta tsaya a ɓangaren da yake da rauni, hannuwanta a shirye amma ba ta taɓa ba. Dattijuwar ta wanke fuska da kanta, ta ɗora hannun da ya yi rauni a bakin kwamin ta wanke shi da mai lafiyar, ta yi shafar kai. Ƙafa kaɗai aka taya ta. Abin ya ɗauki lokaci, ruwa ya zuba a ƙasa, an goge. Haka wajen sa riga: hannun da ya yi rauni shi ake fara zurawa, in za a cire kuma shi ne na ƙarshe, kuma mai rigar ita take yi, ana nuna mata. Wannan shi ne aikin da ake biyan kuɗi dominsa. Idan kina son ma'auni guda da ba zai yaudare ki ba, ki zauna ki rubuta abubuwan da Mama take iya yi da kanta ranar da aka sallamo ta daga asibiti, ki kwatanta da yau. In jerin ya ragu kuma babu wani sabon ciwo da likita ya gano, kulawar ba ta yin aikinta, ko da ɗakin yana ƙamshi kuma ma'aikatan suna da fara'a.

Akwai kuma ɓangarenmu, mu 'ya'ya. An raine mu a kan cewa ba a barin babba ya ɗauki ko kofi muna zaune. "Mama zauna, bari in kawo miki" ita ce kalmar ladabi da muka tashi da ita. A halin da Mama take ciki, wannan kalma tana iya cutar da ita in ta yi yawa. Ba na cewa ki zuba mata ido tana wahala. Ki tsaya kusa, ki bar ta ta gwada, ki kama inda ta gaza. Mace da ta riƙe gida shekara hamsin, ranar da ta sake dama kununta da kanta, ko da a zaune ne an riƙe mata kwano, za ki ga canji a fuskarta da babu maganin da yake kawo shi. Biyayya a wannan lokaci har da haƙurin kallo.

Ki kuma sa a duba ko zaman yana da wani dalili. Tsoron faɗuwa yana ɗaure mutum a kujera. Damuwa da ƙuncin rai suna yawan biyo bayan shanyewar jiki, kuma iyayenmu ba sa faɗa. Maganin hawan jini yana iya sa jiri in an miƙe. Wasu tsofaffi suna rage shan ruwa don kada su buƙaci banɗaki babu kowa a gida, daga nan sai ciwon mafitsara da kasala, har da ruɗewa. Ban ga Mama ba, kuma wannan hukunci na likitanta ne da masu gashin ƙashi. Abin farin ciki, ƙa'ida ce a sake duba wanda ya samu shanyewar jiki bayan wata shida, ku kuma kun kusa. In ba a kira ku ba, ki kira asibitin unguwa ki nema, ki ce kina so a sake tura ta wajen masu gashi da ma'aikaciyar lafiyar da take sake koyar da ayyukan gida.

Abin da za ki duba da idonki

Gani ya kori ji. Ki je ba tare da sanarwa ba a lokacin ziyarar safe, ita ce mafi nauyi. Ki lura ko ma'aikaciya ta yi sallama ta gaishe da Mama da sunan da take so, ko kuwa kai tsaye ta wuce kicin. Ko tana tambaya kafin ta taɓa ta. Ko tana rufe mata jiki da tawul lokacin wanka, a buɗe inda ake wankewa kawai. Ki karanta bayanan kullum. Wanda ya rubuta "an yi komai, babu matsala" kwana talatin a jere bai gaya miki komai ba. Bayani na kirki zai ce ta ci rabin abinci, ta taka zuwa banɗaki da ƙarfen dogarawa, an ga ja a dunduniyar hagu an sanar da ofis. Ki duba takardar magani, ko akwai gurbin da ba a sa hannu ba. Ki duba fatarta a ƙugu da mazaunai da dunduniya, domin gyambon kwanciya daga ɗan ja yake farawa, kuma a baƙar fata ba ya fitowa ja sosai, sai dai wurin ya yi duhu ko tauri ko zafi. Ma'aikata da yawa ba a koya musu wannan ba.

Ki tambayi manaja mutum nawa ne aka ware wa Mama. Ziyara uku a rana kwana bakwai ba za ta yiwu da mutum ɗaya ba, amma huɗu ko biyar da suka san ta abu ne mai yiwuwa. Ki tambaya ko an tantance su ta binciken DBS, wato binciken tarihin aikata laifi, ko sun kammala horon farko na masu kula, ko sabuwar ma'aikaciya tana fara bin tsohuwa kafin a sake ta ita kaɗai, da kuma me suke yi in wani bai zo ba. Yadda manaja za ta amsa ya fi amsar kanta muhimmanci. Wadda ta san sunan Mama da halinta ba tare da buɗe kwamfuta ba, akwai fata a kamfaninta.

Addini da al'ada ba alfarma ba ne da ake roƙo. Dokokin 2014 da CQC take aiki da su sun wajabta kulawar da ta dace da mutum, da mutunta shi, da la'akari da addininsa wajen abinci. A rubuta a tsarin kulawa cewa mace take so wajen wanka, tsarki da ruwa take yi, abincin halal take ci, kuma a daidaita ziyara ɗaya da lokacin sallah don a taya ta alwala. Abin da ba a rubuta ba, sabuwar ma'aikaciya ba za ta sani ba.

Hanyoyin da ke gabanki

Ki fara da kamfanin, a rubuce, da kwanan wata da lokaci. Ki ba su mako biyu ko uku. A lokaci guda ki kira sashen kula da manya na kansul ki nemi a sake duba tsarin Mama. Dokar Kulawa ta 2014 ta ba ta wannan haƙƙi, ba sai an jira shekara ta zagayo ba. Ki nemi a rubuta buri a fili, misali ta iya haɗa shayi da kanta, ta iya shiga banɗaki da dare lafiya. Ki halarci zaman. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma iyayenmu in baƙo ya tambaye su jiki sai su ce alhamdulillahi, da sauƙi, jami'i kuma ya rubuta abin da ya ji. Ki shirya da Mama tun kafin ranar, ki nuna mata cewa faɗin gaskiyar wahala ba rashin godiya ga Allah ba ne.

Kayan taimako da ƙananan gyare-gyaren da ba su wuce fam 1,000 ba, irin ƙarfen kamawa a bango da kujerar wanka, kansul take bayarwa kyauta in an tantance buƙata. Babban gyara kamar mayar da baho wurin wankan da ake shiga ba tsallakawa yana da tallafi na daban da yake kaiwa fam 30,000 a Ingila, bayan an duba samun mutum. Maɓallin kiran gaggawa da ake ratayawa a wuya ko hannu yana rage tsoro ƙwarai. Ki duba kuma ko Mama tana karɓar alawus ɗin da ake ba 'yan fansho masu buƙatar taimako, wanda ba a duba dukiya kafin a bayar.

In kamfanin bai gyara ba, ki nemi kansul ta canza shi. Akwai kuma hanyar karɓar kuɗin kulawar daga kansul kai tsaye, Mama ta zaɓi kamfanin da take so ko ta ɗauki mai taimaka mata da kanta. Iyalai da yawa ta nan suke samun mace guda mai jin yarensu, wadda ta san tuwo da miya. Sai dai ki sani, in kun ɗauki mutum kai tsaye kun zama masu ɗaukar ma'aikaci, da albashi da haraji da inshora da neman madadi ranar da ba ta da lafiya, kuma CQC ba ta duba irin wannan ma'aikaciya. Game da kuɗi, wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi yake biyan kulawarsa, amma ba a lissafa gidan da mutum yake zaune a ciki in a gida ake kula da shi. Idan ƙorafi ya bi matakan kamfani da kansul bai warware ba, akwai ofishin mai sauraron koke kan ƙananan hukumomi da ayyukan kulawa, kyauta ne. CQC tana karɓar bayani kuma yana taimaka mata, amma ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya. In kuwa kika ga rauni a jiki da ba a bayyana ba, ko kuɗi suna ɓacewa, ko an bar ta babu magani ko abinci, wannan ba maganar jira ba ce: ki kira sashen kare manya na kansul a ranar.

Batun ajiye aiki kuwa, ba zan ba ki shawarar ki yi shi yanzu ba. Na ga 'ya'ya mata da suka yi haka cikin zafin tausayi, bayan shekara guda ga ciwon baya, ga ƙuncin kuɗi, uwar kuma ta ƙara dogara da su fiye da da. Alawus ɗin mai kula da ɗan'uwa yana buƙatar awa 35 a mako, kuma bai kai rabin albashin cikakken aiki ba. Ke ma kina da haƙƙin kansul ta duba buƙatarki a matsayin mai kula, kuma kina iya neman sassaucin lokutan aiki daga wurin aikinki. Sannan Mama hankalinta ƙalau, dokar 2005 kan ikon yanke hukunci tana tare da ita: ta zaɓi ɗakinta, ko da wasu suna ganin akwai haɗari. Tun tana da wannan ƙarfi, ku yi maganar takardar wakilci ta dindindin, ta zaɓi wanda zai tsaya mata kan lafiya da kuɗi in wata rana ta kasa. Amma kafin duk wannan, ki zauna da ita a wannan makon ki tambaye ta wace ma'aikaciya ce ta fi jin daɗinta da dalili, da kuma wane aiki guda ta fi kewar yi da hannunta. Amsoshin nan biyu su za ki fara kai wa manaja.